Ƙazuwa, gale da scabies: asalin sunan, da abin da yake nufi a jikin yaro

Tambaya daga wani mai karatu a Tawa:

"Assalamu alaikum likita. Ni malamin lakwal ne a nan Tawa. Tun shigowar ɗari yarana uku suke susa da dare, ƙaramin ma ba ya samun barci. A CSI, wato ƙaramin asibitinmu, an rubuta mana gale a takardar magani, amma da na buɗe kwalin maganin sai na ga scabies, wani wurin kuma Sarcoptes scabiei. Tsohuwata ta ce ƙazuwa ce kawai. Shin duk abu ɗaya ne? Mece ce ma'anar scabies, kuma daga wane harshe ta fito? Mun shafa wa yaran maganin sau ɗaya, yau kwana goma, amma ba su daina susa ba."

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yaran lafiya, ya ƙara wa Inna nisan kwana, don gaskiyarta ta faɗa. Ƙazuwa da gale da scabies, a bakin ma'aikacin lafiya na yau, cuta ɗaya ce: wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga saman fata yana haƙa rami yana zuba ƙwai. Tambayarka gida biyu ce, ta suna da ta susar da ta ƙi tsayawa, kuma suna da alaƙa fiye da yadda ake zato. Bari mu fara da sunan.

Asalin kalmar

Scabies kalmar Latin ce, harshen mutanen Rum na dā, wanda Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci suka fito daga cikinsa. Ana furta ta kamar "skabiyes". Tushenta aikatau ne, scabere, wato sosa ko kankara. Daga tushen nan suke da scaber, abu mai kaushi, irin fatar da ta yi kirci ko ƙarfen da tsatsa ta ci. To scabies a wurinsu tana nufin kaushin fata mai sa susa. Lura da kyau, Malam: babu ƙwaro ko ɗaya a cikin ma'anar kalmar. Abin da ido ke gani da abin da hannu ke yi kawai ta ambata.

Shi ya sa Rumawa suka yi amfani da ita a faɗaɗe, ga mutum da ga dabba. Mawaƙinsu Virgil, a waƙarsa ta noma da kiwo da ya kammala wajen shekara 29 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ambaci scabies a jikin tumaki, ya ɗora laifin a kan ruwan sama mai sanyi, da gumin da ba a wanke ba bayan an yi wa tunkiya sausaye, da ƙaya. Celsus kuma, wanda ya rubuta babban littafin magani a ƙarni na 1, ya siffanta ta a jikin mutum: fata ta yi tauri ta yi ja, ƙuraje su fito, wasu da ruwa wasu a bushe, ga ƙaiƙayi. Maganin da ya bayar shi ne farar wuta a gauraya da kwaltar itace, ya ce yadda take yi wa dabbobi haka take yi wa mutane. Farar wutar nan har gobe tana cikin magungunan ƙazuwa. Sun dace da magani tun ba su san mai laifin ba.

Dogon sunan da ka gani a kwali, Sarcoptes scabiei, sunan ƙwaron ne, ba na cutar ba. Rabin farko Girkanci ne: sarx nama, koptein yanka, wato mai yankan nama. Rabi na biyu ita ce dai scabies ɗin, an sauya mata ƙarshe don ta ba da ma'anar mallaka, kamar yadda muke cewa "na ƙazuwa". Latreille, wani Bafaranshe masanin ƙwari, shi ya sa sunan Sarcoptes a 1802. Sunan ya fi ƙwaron ban tsoro, domin ba ya kai wa nama ko jini. A cikin busasshen ɓawon saman fata yake rayuwarsa duka.

Ita kuwa gale da muke rubutawa a takardun magani a nan Nijar, ba daga scabere ta fito ba. Masu nazarin Faransanci suna danganta ta da galla ta Latin, ƙullutun da ke fitowa a jikin itace. Amma Faransancin asibiti bai rabu da ɗaya tushen ba: za ka ji scabiose, za ka ji sillon scabieux ga ramin ƙwaron, da scabicide ga maganin da ke kashe shi. Malamanmu na zaure kuma sun san ta da jarab a littattafan Larabci, cutar da Larabawa suka fi sani a jikin raƙuma, suna shafa musu kwalta.

Yadda sunan ya tsuke ya koma na ƙwaro ɗaya

Shekaru fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar likitocin Turai suna ɗauka cewa ɓacin jini ne ke fitowa ta fata, sai a yi ta zubar wa marar lafiya da jini ana ba shi maganin gudawa. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Har yanzu ana zuwa mana da yaro an ce jininsa ne ya ɓaci, ko sanyi ne, an yi ta ɗura masa jiƙo wata guda. Ibn Zuhr, likitan Ishbiliya ta Andalus da ya rasu a 1162, ya rubuta labarin wata ƴar halitta da ke fitowa daga ƙarƙashin fata, da ƙyar ido ke ganinta. A 1687 wasu Italiyawa biyu a garin Livorno, likita Bonomo da mai haɗa magani Cestoni, suka ga yadda talakawan mata ke ciro wani ɗan farin abu daga fatar ƴaƴansu da tsinin allura. Suka sa shi a madubin ƙara girma, suka zana shi, suka ce shi ne sanadin cutar, kuma maganin shafawa ne ke kashe shi, ba na sha don wanke jini ba. Ba a saurare su ba. Sai a 1834 wani ɗalibin likitanci ɗan tsibirin Korsika, Renucci, ya ciro ƙwaron da allura a gaban malamansa a asibitin Saint-Louis na Paris, kamar yadda ya ga matan ƙauyensu suna yi. Daga nan ne gardama ta mutu, scabies ta zama sunan cutar wannan ƙwaro shi kaɗai.

A bakin jama'a dai tsohuwar faɗin ma'anar ba ta mutu ba, kuma nan ne ake ruɗewa. Faransanci yana kiran ƙurajen zafi, waɗanda ke damun jarirai a Yamai watan Afrilu da Mayu, gale bédouine. Yana kiran kaushin hannun magina gale du ciment. Ƙaiƙayin cutar makanta ta bakin kogi kuma gale filarienne. Makantar nan ita ce cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Janairun 2025 cewa Nijar ta kawar, ƙasa ta farko a Afirka. Duk cikinsu babu mai ƙwaron ƙazuwa. Haka mu ma muke sa wa kusan kowane ƙurji mai susa sunan ƙazuwa. Don haka kafin a shafa komai, a tabbatar wace ce.

Ƙwaron da aikinsa

Dangin kaska ne da gizo-gizo, ƙafafunsa takwas. Macen ba ta kai rabin milimita ba, tsakanin 0.3 da 0.4, namijin kuma ya fi ta ƙanƙanta. Ba ya tsalle, ba ya tashi sama, rarrafe kawai yake yi. Macen ce ke haƙa rami, tana zuba ƙwai 2 zuwa 3 kowace rana har tsawon wata ɗaya ko fiye. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 zuwa 4, ɗan kuma ya balaga cikin kamar kwana 10 zuwa 14. Ka riƙe waɗannan kwanakin, domin a kansu aka gina tsarin maganin.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙarancinsu. Mutumin da ke susa daga wuya har ƙafa, galibi manyan ƙwarin da ke jikinsa ba su wuce 10 zuwa 15 ba. Ba cizo ne ke sa ƙaiƙayin ba. Jiki ne ke tayar da faɗa da ƙwaron da ƙwansa da kashinsa, kuma faɗan nan yana ɗaukar lokaci kafin ya tashi. Wanda bai taɓa kamuwa ba yakan yi sati 4 zuwa 6 yana ɗauke da ƙwaron, yana ba wasu, ba tare da ya ji komai ba. Wanda ya taɓa yi kuwa, cikin kwana 1 zuwa 4 zai fara susa. Wannan shi ne dalilin da ya sa a gidanka wanda ba ya susa yau ba lallai ne ya tsira ba.

Ta haɗuwar fata da fata mai ɗan tsawo ake ɗauka: kwanciya a shimfiɗa ɗaya, goyo, shayarwa, kwanciyar aure. Musabaha a masallaci ba ta cika kawo ta ba. Tufafi da bargo suna iya ɗauka, amma ba kamar jiki ba. Gwajin da wani masanin ƙwari, Mellanby, ya yi a Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu ya nuna kaɗan ne ƙwarai suka kamu ta hanyar kwanciya a shimfiɗar mai cutar. Idan ƙwaron ya rabu da fatar mutum, kwana 2 zuwa 3 yake yi ya mutu, zafi da bushewar iska kuma suna gaggauta mutuwarsa. Haɗuwar jikin nan ce ta sa cutar ta fi yawa da ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da yara ke cunkushewa cikin bargo guda, a gida ko a makarantar allo ko a ɗakin kwanan ɗalibai.

Ina so in tsaya a kan wani abu da ke ci mini rai. Kunne yana jin ƙazuwa kusa da ƙazanta, sai uwa ta ji kunya ta ɓoye, ko a tsangwami almajiri. Ƙwaron nan yana cikin rami, sabulu da soso ba sa fitar da shi. Mai wanka sau uku a yini ma yana kamuwa. Cunkoso ne ke yaɗa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutum aƙalla miliyan 200 ne ke ɗauke da ita, kuma a 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Yadda muke gane ta

Tambayoyi biyu ne ke fara nuna mana hanya: shin ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, kuma shin akwai wani a gidan da ke susa? Idan duka amsar e ce, sai mu duba wuraren da ƙwaron ke so: tsakankanin yatsun hannu, cikin wuyan hannu, gwiwar hannu, gaban hammata, kewayen cibiya, ƙugu inda mazagi ke zama, mazaunai, kan nonon mata, da gaban ƴaƴa maza, inda yakan bar ƴan ƙullutai masu tauri. Babba ba ta cika taɓa masa fuska da kai ba. Jariri kuwa har tafin hannu da tafin ƙafa da kai da fuska. Ramin kansa ɗan siririn layi ne mai lanƙwasa, bai cika wuce santimita ɗaya ba, kuma a baƙar fata yana da wuyar gani. Dabarar da muke yi ita ce a goga tawadar biro a wurin, a share da auduga mai alkol. Idan akwai rami, tawadar za ta zauna a ciki ta fito da layin. Ana kuma kankaro fatar a duba a madubin asibiti, amma rashin ganin ƙwaron a nan ba ya kore cutar, tunda ba su da yawa.

Abin da ya sa yaranka ba su daina susa ba

Ban ga yaran ba, kuma fata sai an gan ta an taɓa ta, don haka hukuncin ƙarshe na wanda ya duba su ne. Amma a cikin wasiƙarka akwai abu biyu da suka isa su bayyana lamarin: yaran kawai aka shafa wa, kuma sau ɗaya.

Magungunan ƙazuwa suna kashe ƙwaron, amma ba a dogara da su wajen kashe dukan ƙwai. Wanda ya shafa sau ɗaya ya tsaya, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Shi ya sa ake maimaitawa bayan kwana 7: a lokacin ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe, amma ɗan bai kai ga zuba nasa ba. Tunda kun kai kwana goma kuma manya ba su shafa ba, shawarata a sake farawa daga farko, kowa da kowa a dare ɗaya: kai, uwargida, Inna idan tana goyon ƙaramin ko suna kwana tare, da duk wani yaro da ke kwana a ɗakin, ko yana susa ko ba ya yi.

Shafawar ma tana da ƙa'ida. A yanke farce, a yi wanka, a bari jiki ya bushe ya huce. A shafa daga wuya har yatsun ƙafa ba tare da an tsallake ko'ina ba, ba a kan ƙurajen kaɗai ba: bayan kunne, hammata, cibiya, matsematsi, tsakanin mazaunai, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce. Ga jarirai da tsofaffi a haɗa da kai da gefen fuska, a kauce wa ido da baki, a sa wa jariri safa a hannu don kada ya tsotsa. Inda aka fi samun kuskure a gidajenmu shi ne alwala da wankin hannu: an shafa da isha, da asuba an wanke hannu da ƙafa, wato daidai inda ƙwaron ya fi zama. Duk wurin da ruwa ya taɓa kafin lokaci ya cika, a sake shafa masa.

Lokacin kuma ya danganta da irin maganin. Man permetirin mai kashi 5 cikin 100 yana kwana a jiki awa 8 zuwa 14, ana ba da shi tun daga ɗan wata 2, kuma babba yakan cinye tub ɗin giram 30 a shafa ɗaya. Tub guda ga gida duka ba zai isa ba. Ruwan benzowat na benzil, wanda ya fi samuwa a farmasinmu, awa 24 yake yi a jikin babba. Mai kashi 25 ana tsarma shi ga yara: ɗan shekara 2 zuwa 12 awo ɗaya na magani da awo ɗaya na ruwa, wanda bai kai shekara 2 ba awo ɗaya da awo uku na ruwa, kuma awa 12 kawai, mai ciki ita ma awa 12. Akwai mai kashi 10, irin su Ascabiol, wanda tsarinsa daban ne, don haka a duba ƙarfin da ke rubuce a kwalba kafin a zuba ruwa. Maganin nan yana da raɗaɗi a kan fatar da ta fashe. Man farar wuta mai kashi 5 zuwa 10 ana shafa shi dare uku a jere. Yana da wari yana ɓata tufa, amma shi ake komawa gare shi ga jariri sabon haihuwa. Sai ƙwayar ibamektin ta sha, wadda ake aunawa da nauyin jiki, mikrogiram 200 ga kowane kilo: mai kilo 60 zai sha miligiram 12, wato ƙwaya 4 masu miligiram 3, ya maimaita bayan sati ɗaya zuwa biyu. Ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba, kuma wanda ya taɓa zama a dazukan Kamaru ko Gabon ya faɗa wa likita tukuna, saboda wata tsutsar jini ta can da maganin ke iya tayar wa da rikici.

Washegarin shafawa a kwashe tufafin da aka sa cikin kwana uku na baya, da zannuwan gado da zanen goyo da tawul, a wanke da ruwa mai zafin da ya kai digiri 60, a shanya a rana. Bargo da abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda aƙalla kwana 3. Tabarma da katifa a fitar da su rana. Ba sai an yi wa ɗaki feshi ba.

To ko an yi duk wannan daidai, ƙaiƙayi yakan ci gaba sati 2 zuwa 4, domin gawar ƙwaron da kashinsa suna nan cikin fata har sai ta saɓule da kanta. Susa kaɗai ba shaidar cewa magani ya gaza ba ce. Shaidar ita ce sababbin ramuka, ko sababbin ƙuraje a wurin da babu su a da, ko wani sabon mutum a gidan ya fara. Masu maimaita benzowat kullum saboda ƙaiƙayin bai tafi ba, ƙona fatar suke yi, ƙaiƙayin ya ƙaru, su kuma ƙara shafawa. A wannan tsakanin man kaɗanya ko basilin, da maganin rage ƙaiƙayi na sha da dare idan likita ya rubuta, sun wadatar.

Abin da bai kamata ya taɓa fatar yaro ba

Mayukan da ake saya a tebur masu betametazon ko kulobetazol, har da mayukan bilicin, suna kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, sai a ce an dace. Faɗan jiki suka kashe, ƙwaron kuwa ya samu sarari ya yi ta haihuwa, ƙurajen kuma su sauya kama har ma'aikacin lafiya ya kasa gane su. Baƙin man mota, kananzir, piya-piya da sauran magungunan ƙwarin gona suna ratsa fata su shiga jini, kuma suna iya kashe yaro. A yankin Tawa, inda allurar ibamektin ta dabbobi take a hannun kowane makiyayi, ina roƙo kada a yi wa mutum ita ko a ba shi ya sha. An haɗa ta ne da awon raƙumi da saniya. Ƙazuwar awaki da raƙuma da karnuka takan sa mai kula da su susa na ɗan lokaci, amma irin nasu ƙwaron ba ya hayayyafa a jikin mutum. Dabbar za a yi wa magani.

Haɗarin ƙazuwa na gaske yana zuwa ne ta farce. Susa tana buɗe fata, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙurji ya yi mugunya da ɓawo mai launin zuma. Idan haka ta faru, sai a fara da maganin ƙwayoyin cutar kwana ɗaya ko biyu kafin a shafa na ƙazuwa. Ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin tana iya taɓa ƙoda bayan wasu makonni. Don haka, Malam, ka sa ido a kan yaran har wata ɗaya da rabi: idan fuskar ɗaya ta kumbura da safe, ko ƙafafu, ko fitsarinsa ya ragu ko ya koma launin shayi, ko zazzaɓi ya zo tare da ƙurajen, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira. Haka kuma idan akwai tsoho ko marar lafiya a gidan da fatar hannunsa ko ƙafarsa ta yi kauri tana ɓarewa kamar ɓawon itace, ko da ba ya susa sosai, a nuna shi ga likitan fata. Wannan ita ce ƙazuwa mai ɓawo, wadda aka fara siffantawa a jikin kutare a ƙasar Norwe a 1848. Mai ita yana ɗauke da dubban ƙwari har zuwa miliyoyi, maganin shafawa kaɗai ba ya isarsa, kuma muddin ba a yi masa magani ba gidan zai yi ta sake kamuwa.

Idan kuka sake shafawa gaba ɗayanku, kuka maimaita a kwana na 7, ka ƙirga sati huɗu daga shafa ta biyu. In har lokacin akwai mai fitar da sababbin ƙuraje, ku koma CSI da kwalin maganin a hannu da kwanakin da kuka shafa a rubuce, a sake duba ko ƙazuwar ce ta dawo daga wani da ba a yi wa magani ba, kamar abokin kwana a makarantar allo, ko kuwa tun farko wata cutar fata ce daban.